Amsa: BPM biyu sun saɓa a waƙa ɗaya

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa manhajoji biyu suka ba ka BPM daban-daban, wato adadin bugu a minti ɗaya, ga waƙa guda. 87 da 174 ɗin da manhajojinka suka ba ka duk abu ɗaya ne: guda ta ƙirga kowane bugu, ɗayar tana tsallake ɗaya. Raba babbar lambar da ƙaramar. In ka samu 2, zaɓi wadda ganga ke sauka a kanta. Librosa, wata manhajar nazarin sauti, tana karkata wajen 120 sai dai in ka sauya mata start_bpm, wato lambar da take fara hasashe da ita.

Ɗan bambanci ya fi ɓarna, kamar 128 da 128.4. Cikin minti 3 zamewar ta kai bugu 1.2, alamomin da ka jera bisa BPM ɗin sun rabu da kiɗan ke nan. Kada ka ɗauki matsakaici. Fitar da lokacin kowane bugu, daidaita na farko, duba na ƙarshe, sannan ka sauya saurin waƙar.