Zauren Tambaya: Hular NY, Bunsurun Chicago da Rigingimun Besbol

Masu karatu, assalamu alaikum. Wasiƙun wannan karo sun taru a kan besbol, wasan Amurkawa da ba a buga shi a filayenmu. Ni tsohon malamin motsa jiki ne a nan ƙasar Ringim, a rediyo na fara jin labarin wasan, yanzu kuma a waya nake kallonsa. Ga abin da ya samu.

Malam, ina sayar da huluna a kasuwar Ɗambatta. Hana-sallah mai haruffan N da Y a sarƙe ita samari suka fi nema. Wani ya ce min tambarin ƙungiyar ƙwallo ne. Wace irin ƙwallo ce? (Mai huluna, Ɗambatta)

Ƙanena, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Gaskiya aka faɗa maka. Tambarin ƙungiyar New York Yankees ne, wadda ta ci kofin World Series, wato karawar ƙarshe ta babbar gasar besbol ta Amurka, sau 27, babu wadda ta kama ƙafarta.

Wasan kuwa, mutum tara ne a kowane ɓangare. Mai jifa ya wurgo ƙwallo ƙarama mai tauri, mai duka ya tare ta da kulki. In ya same ta, sai ya yar da kulkin ya ruga, yana bin zango huɗu da aka jera, tsakanin kowane biyu ƙafa 90. Wanda ya zagayo ya dawo inda ya tashi ya ci maki ɗaya. In mai duka ya kuskure sau uku ya fita, haka in aka cafe ƙwallonsa a sama, ko ƙwallo ta riga shi isa zango. Mutum uku suka fita, sai a yi musaya, masu duka su koma tsaron fili. Sau tara ake wannan zagaye. Dukan da ya fi kowane tada 'yan kallo shi ne wanda ƙwallo ta tsallake katanga, suna kiransa homron.

Girman Yankees da ciniki ya fara, ka ga ya shafe ka. A ƙarshen 1919 mai ƙungiyar Boston Red Sox, Harry Frazee, ya sayar musu da ɗan wasansa Babe Ruth a kan dala 100,000. Kafin nan Yankees ba su taɓa cin kofi ba, Boston kuwa ta ci biyar. A 1920 Ruth shi kaɗai ya buga homron 54, ya fi abin da kowace daga sauran ƙungiyoyin rukuninsu (gasar rukuni biyu ce) ta tara gaba ɗayanta. Boston ba ta sake ganin kofi ba sai 2004, shekara 86 bayan na 1918.

Baba Malam, ni dillalin awaki ne, duk Alhamis ina kasuwar Maigatari. Na ji wai a Amurka wani bunsuru ya yi wa ƙungiya baki ta shekara ɗari ba ta ci kofi ba. Da gaske ne? (Dillali, Gumel)

Ɗana, bunsurun gaskiya ne, har sunansa an sani, Murphy. A watan Oktoba na 1945 ƙungiyar Chicago Cubs tana karawa da Detroit Tigers a World Series. Wani mai mashaya ɗan asalin Girka, William Sianis, ya yanki tikiti biyu, nasa da na bunsurunsa, ya nufi filin Wrigley. Kai ka fi ni sanin warin bunsuru. Aka kore su, mutumin ya fusata ya yi wa ƙungiyar mugun baki. Cubs suka sha kashi a wannan karawa, ba su kuma sake zuwa wasan ƙarshe ba sai 2016, inda suka doke Cleveland da ci 8 da 7 a wasa na bakwai, wanda shi ne na ƙarshe a karawar, bayan ruwan sama ya tsayar da wasa na ɗan lokaci. Rabonsu da kofi tun 1908, shekara 108 kenan.

Amma yi lissafi da kanka. Ranar da aka kori bunsurun, Cubs sun riga sun shekara 37 ba kofi. Camfi ne, kuma abin da ba na so da irin wannan camfi shi ne yana rufa wa masu laifi asiri. Ɗauki Boston, su ma magoya bayansu sun ce la'anar sayar da Ruth ce ta bi su. To a watan Afrilu na 1945 wani matashi baƙar fata mai suna Jackie Robinson ya je filinsu na Fenway aka gwada shi, aka sallame shi, ba a sake nemansa ba. Boston ce ƙungiya ta ƙarshe da ta saka baƙar fata a wasa, sai a 1959. Wanda ya rufe ƙofarsa ga gwanaye shekara goma sha biyu bayan maƙwabta sun buɗe tasu, ai ba sai ya je neman wanda ya yi masa baki ba.

Malam, ina koyar da tarihi a makarantar 'yan mata. Na ga hoton wani wasa da kowane ɗan wasa yake sanye da lamba 42. Me ya kawo haka? Ina so in ba ɗalibaina labari. (Malama, Birnin Kudu)

Malama, Allah ya saka da alheri, wannan tambaya ta fi kowace daɗaɗa min rai. Hoton na ranar 15 ga Afrilu ne. A wannan rana ta 1947 Jackie Robinson ya fito wa Brooklyn Dodgers wasa sanye da lamba 42. Kafin shi an yi kusan shekara sittin ba a ga baƙar fata a babbar gasa ba. Babu wata doka a rubuce da ta hana, masu ƙungiyoyi ne kawai suka haɗa baki. A 1997 aka janye lambar daga dukkan ƙungiyoyi don girmama shi, yanzu rana ɗaya tak a shekara ake saka ta, kowa da kowa.

Ki gaya wa 'yan matan cewa Robinson ba mutum ne mai sanyin hali ba. A 1944, yana soja, direban motar sojoji ya ce ya koma kujerar baya, ya ƙi, har aka gurfanar da shi a kotun soja, aka wanke shi. Irin wannan mutum ne shugaban Dodgers, Branch Rickey, ya roƙa da kada ya rama komai aka yi masa. Ya kuwa sha zagi daga 'yan kallo da abokan hamayya, kocin Philadelphia ma da bakinsa ya riƙa yi masa ashar na launin fata. An riƙa auna jikinsa da ƙwallo, an taka shi da takalmi mai ƙusa, wasu otal sun hana shi kwana inda abokan wasansa suka sauka. Ya haɗiye, ya gama shekarar a matsayin gwarzon sababbin 'yan wasa, a 1949 kuma ya zama gwarzon rukuninsa baki ɗaya. Ya rasu a 1972 yana da shekara 53 kacal.

Akwai ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Da aka hana baƙaƙe, ba zama suka yi ba. A 1920 Rube Foster ya kafa musu gasarsu, da ƙungiyoyinsu, da masu kuɗinsu, da jaridun da ke bin su. Da ƙofa ta buɗe sai manyan ƙungiyoyi suka riƙa kwashe gwanayen, Rickey bai biya Kansas City Monarchs, ƙungiyar baƙaƙen da Robinson ya fito daga cikinta, ko sisi a kansa ba, kuma cikin 'yan shekaru gasar baƙaƙen ta durƙushe. Wadda ta tsaya kai da fata a kan sai an biya ita ce Effa Manley, mai ƙungiyar Newark Eagles, kuma Cleveland ta biya ta da ta ɗauki Larry Doby a 1947. A 2006 ta zama mace ta farko da aka shigar zauren girmama gwanaye da ke Cooperstown. Wannan sunan kada ya wuce ɗalibanki.

Wanda ni yake tsaya min a rai shi ne Josh Gibson, babban mai dukan gasar baƙaƙe. Ya rasu a Janairun 1947 yana da shekara 35, wata uku kafin Robinson ya fito. A 2024 hukumar gasar ta haɗa alƙaluman baƙaƙen da na sauran, sai ga Gibson a sama: a cikin kowace tsayuwa 1,000 yana samun duka mai kyau 372, Ty Cobb da ya daɗe da kambin yana da 367. Wasu masoya wasan suka yi ca, wai wasannin gasar baƙaƙe ba su da yawa a shekara, ba a gwada su da na mai buga sama da 150. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai Cobb da Ruth su ma ba su taɓa tsayawa gaban Satchel Paige a wasan gasa ba, mai jifan da sai da ya kai shekara 42 aka bari ya shigo. In za a sa alamar tambaya a kan littafi ɗaya, to a sa a kan duka biyun.

Malam, muna gardama a gidan kallo. Wani ya ce Barry Bonds ne sarkin homron, wani ya ce ɗan ƙwaya ne, sarautar ta Hank Aaron ce. Raba mana. (Matasan majalisa, Kazaure)

'Ya'yana, wannan gardama Amurkawa ma ba su gama ta ba. A lissafi Bonds yana da 762, Aaron 755, Ruth 714.

Aaron daga gasar baƙaƙe ya fito. Da ya doshi adadin Ruth sai wasiƙun barazanar kisa suka riƙa zubo masa, har aka haɗa shi da mai tsaron lafiya. Ranar 8 ga Afrilu 1974 a Atlanta ya buga na 715. Yana cikin zagaya zango sai ga samari biyu farare sun diro fili sun biyo shi a guje, ba wanda ya san nufinsu a wannan daƙiƙa, ashe murna suka zo taya shi. Yana isowa mahaifiyarsa ta ƙanƙame shi ta ƙi saki.

Bonds kuwa ya zo a wani zamani. Yajin aikin 1994 ya sa ba a yi World Series ba, mutane suka yi fushi da wasan. A 1998 Mark McGwire ya buga 70 a shekara guda, Sammy Sosa 66, filaye suka sake cika, kuɗi ya shigo. Kowa yana ganin jikkunan 'yan wasa suna kumbura, amma sai 2004 aka fara gwajin ƙwayoyin ƙara ƙarfi mai ɗauke da hukunci. McGwire ya amsa da bakinsa a 2010. Bonds, wanda ya buga 73 a 2001, ya tsaya a kan bai taɓa sha da saninsa ba, hukuncin da kotu ta yi masa na kawo cikas ga shari'a kuma an soke shi a 2015. Duk da haka 'yan jarida masu zaɓe sun hana shi shiga Cooperstown. Ƙwallon da ya wuce Aaron da ita a 2007 ma sai da wanda ya saye ta ya sa aka yi mata tambarin tuhuma kafin ya miƙa ta gidan tarihi.

Ra'ayina: adadi na Bonds ne, girma na Aaron. Amma ban yarda a jibga wa 'yan wasa kayan su kaɗai ba. Bud Selig, wanda ya shugabanci gasar duk tsawon wannan zamani, an shigar da shi Cooperstown a 2017. Ta yaya mai gida zai samu shiga, a bar yaransa a waje?

Hukuncin wasan nan bai taɓa tafiya da mudu ɗaya ba. A 1919 'yan Chicago White Sox takwas aka zarga da haɗa baki da 'yan caca don su faɗi da gangan a hannun Cincinnati, kamar ɗan damben da ya karɓi kuɗi ya kai gwiwa ƙasa tun ba a taɓa shi ba. Kotu ta sallame su a 1921, washegari sabon kwamishinan wasan, Alƙali Landis, ya kore su har abada. Cikinsu har da Joe Jackson, wanda ya amsa ya karɓi dala 5,000, amma kuma shi ya fi kowa yawan duka mai kyau a wannan karawa, guda 12. Pete Rose, mai duka 4,256 da ba wanda ya kai, an kore shi a 1989 saboda caca, ya shekara goma sha biyar yana musu kafin ya amsa. Sai bayan ya rasu aka ɗage takunkumin a 2025, tare da na Jackson.

To ku dubi Houston Astros. A 2017 sun kafa kyamara tana ɗauko inkiyar da mai cafewa na abokan hamayya, wanda ke tsugune a bayan mai duka, ke yi wa mai jifansu da yatsu, wani yana kallo a talabijin kusa da benci, sai ya buga garwar shara don mai duka ya san irin jifan da ke tafe. Suka ci kofi. Da asiri ya tonu, a Janairun 2020 aka ci tarar ƙungiyar dala miliyan 5, aka dakatar da koci da manaja shekara guda, amma ko ɗan wasa ɗaya ba a taɓa ba, domin an yi musu alkawarin kariya in sun faɗi gaskiya, kofin kuma yana hannunsu. Wannan ya fi na Rose yi min ciwo. Ga shi kuma gasar da ta kori mutane saboda caca yau tana ƙawance da kamfanonin caca, irin waɗanda shagunansu ke cinye kuɗin samarinmu a nan Kazaure da Ringim. Ku da ke zaman gidan kallo, don Allah ku yi nesa da su.

Malam, akwai ɗan Afirka a wasan? Kuma yaushe ake nunawa? (Ɗalibi, Ɓaɓura)

Akwai, ɗana. Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya fito wa Pittsburgh Pirates a Afrilun 2017, ya kuma samu duka mai kyau a tsayuwarsa ta farko. A ɗakin da ke jikin wani filin besbol ya tashi, inda mahaifiyarsa take aiki. Yaran Yuganda sun je gasar yara ta duniya a Amurka a 2012, su ne na farko daga nahiyar nan. A gida kuma an buga besbol a wasannin Afirka da aka yi a Abuja a 2003.

Ƙungiyoyi 30 ne, kowace tana wasa 162 daga wajen ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, a Oktoba a shiga neman kofi. Wasannin dare na New York suna farawa wajen sha biyun dare agogonmu, kai kuma ɗalibi ne, da makaranta a gabanka. Ka nemi na ranar Lahadi, da yawansu suna kamawa wajen magariba a nan, ko ka sauke taƙaitaccen bidiyo da safe in ka samu sabis.