Lissafin albashi yana tsayawa a tsakiya

Tambaya: Salamu alaikum. Muna haɗa albashi da fayil ɗin Excel mai makiro, wato jerin umarni da ke yin aikin da kansa. Kullum da na danna maɓalli sai aikin ya tsaya, taga ta buɗe da layi mai launin ɗorawa. Ina mafita?

Amsa: Amin wa alaikumus salam. Malam, da alama fayil ɗinka lafiya lau yake. Shinge ne mai rubuta manhaja ya kafa don ya duba abin da ke faruwa a wannan layin. Launin ɗorawa yana nuna layin da za a zartar na gaba, ba a kai ga aiwatar da shi ba.

In tagar rubutun makiron ba ta gabanka, danna Alt+F11 ta buɗe, ka duba gefen hagu na rubutun. In ka ga ɗigo ja, shi ne shingen; danna layin da linzami, sannan ka danna F9 don cire shi. Ctrl+Shift+F9 kuwa yana share ɗigogin gaba ɗaya. Sai F5 don aiki ya ci gaba.

Amma tunda kullum abin yake faruwa, zarginmu ya fi karkata wani wajen. Ɗigon nan ba ya bin fayil idan an rufe shi. Wanda ke zama daram shi ne umarnin Stop da aka rubuta cikin makiron, kuma Ctrl+Shift+F9 ba ya taɓa shi. Nemo shi da Ctrl+F, ka sa alamar ' a farkonsa don makiron ya tsallake shi, ka adana.

Kada ka katse aikin ka sake farawa ba tare da dubawa ba. Layukan da suka riga suka gudana sun rubuta nasu, ana iya lissafa wa ma'aikaci sau biyu, kuma Ctrl+Z ba ya warware aikin makiro. Fara ajiye kwafin fayil ɗin.