Kwamfutar da ba ta motsi, me za ta yi da Wi-Fi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon buga takardu da cike fom a Agege. Kwamfutar tebur ce gare ni, inda aka ajiye ta nan take kwana. Yaron shagona ya dame ni in saka mata Wi-Fi. Ni kuwa a ganina wannan na masu laftof ne. Ba asarar kuɗi ba ce? Daga mai karatu a Agege, Legas.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka saurari yaron nan, yana da gaskiya.

Amfanin Wi-Fi gare ka shi ne ranar da intanet ɗin shago ya ɗauke. Ga mutum biyar a kan benci, fom ɗin neman aiki za a rufe shi yau, ga shi kuma babu intanet. In kwamfutar tana kama Wi-Fi, hotspot kawai za ka kunna a wayarka, wato ka raba wa kwamfutar datar wayar, aiki ya ci gaba. In wannan layin waya ya ƙi, ka koma wancan. Kwastoman da ya tashi ya tafi shagon maƙwabci da wuya ya dawo.

Ni haya ce ta koya mini. Lokacin da nake zaune a Idi-Araba mai gida ya ce ko ƙusa kada a buga masa a bango, balle a huda a ja waya. Na'urar intanet tana falo, kwamfuta tana ɗaki. Wani ɗan abin kama Wi-Fi mai kamar filash da na saya a Computer Village da ke Ikeja shi ya raba gardama.

Kafin ka kashe ko sisi, leƙa bayan kwamfutar. In ka ga wurin ɗaura eriya, to da ma da Wi-Fi ta zo. In babu, akwai na USB da ake sokawa kawai, akwai kuma katin PCIe mai eriya biyu wanda sai an buɗe akwatin. Katin ya fi ja daga nesa, kuma da yawansu suna zuwa da Bluetooth.

Ka nemi wanda ke kama zangon Wi-Fi biyu, 2.4GHz da 5GHz, duka. Na 2.4 ya fi ratsa bangon bulo, amma a jerin shaguna irin na Agege kowa a kansa yake, cunkoso kamar Oshodi da yamma. Na 5 ya fi gudu, sai dai ba ya nisa. In na USB ka saya, ka ɗaga shi kan tebur da 'yar wayar ƙari, don ƙarfen akwatin yana tare siginar.

Wayar intanet da ka riga ka ja wa kwamfutar kada ka cire ta. Ta fi Wi-Fi tsayawa daram, kuma tana aiki har tsawon mita 100.

Abu ɗaya nake roƙon ka: ranar da ka haɗa da hotspot, ka shiga saitin Wi-Fi na Windows ka kunna Metered connection, wanda ke gaya wa kwamfutar ta yi tsimin data. In ba haka ba, kwamfutar za ta fara sabunta kanta a ɓoye ta lashe maka datar wata guda kafin la'asar.