Na gama digiri amma Umma ta hana ni ɗora hoto

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Na kammala digirina kuma Alhamdulillah sakamako ya yi kyau sosai, wallahi na sha wuya, yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai wata takwas muka yi a gida. Ranar jarabawar ƙarshe kowa ya sa farar riga ana ta rubutu a jiki ana hotuna, ƙawayena duk sun ɗora a Facebook da WhatsApp, ni ko Umma ta ce kar in kuskura wai baki zai kama ni. Yanzu sakamako ya fito ina so in sa ko sau ɗaya ne. Laifi ne? Ko riya ce?
'Yarki daga Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, barka da arziki, Allah ya sa albarka a karatun ya kawo aiki na gari.

Toh ni dai ban ga laifin mutum ya nuna farin cikinsa ba, balle ke da kika yi shekaru kina tashi da asuba kina bin keke napep zuwa lakca, ga kuɗin hand-out ga zaman gida na ba gaira ba dalili. Ayar ƙarshe ta Suratud Duha ma cewa ta yi a ba da labarin ni'imar Ubangiji. Zancen riya kuma a zuciya yake, ke kika san abin da kike nufi, in godiya ce kin sani, in kuma so kike wata ƙawarki da ta samu carry over ta gani ta ji haushi shi ma kin sani, wannan ba sai kin tambayi kowa ba.

Amma fa kar ki ɗauka Umma camfi take yi. Kambun baka gaskiya ne, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Kuma ki duba Suratu Yusuf aya ta 5, Annabi Yakubu ya ce wa ɗansa kar ya faɗa wa 'yan uwansa mafarkinsa, 'yan uwansa fa na jini, ina ga mutum dubu biyu da ke bin ki a Facebook wanda rabinsu ko fuskarsu ba ki sani ba. Abin da nake so ki lura da shi, mafarkin nan abu ne da bai riga ya faru ba, shi ya sa kullum nake ce wa yaranmu abin da ake kan nema a rufe shi, neman aiki ne, biza ce, maganar aure ce, a bari sai ya tabbata. Naki ya riga ya tabbata, digiri ya shigo hannu.

Duk da haka ba zan ce ki tsallake maganar mahaifiyarki saboda hoto ba, sam bai kai ba. Ki same ta lokacin da take cikin nishaɗi, ki nuna mata a wayarki cewa status ɗin WhatsApp ana iya zaɓar waɗanda za su gani kuma bayan awa 24 ya ɓace, ki ce 'yan uwa da ƙawaye na kusa kawai za ki sa wa. Iyaye da yawa tsoronsu shi ne duniya duka ta gani, in ta ga su Gwaggo da su Kawu ne za ki ga ta sauko. In ta ce a'a ki haƙura, a dafa shinkafa a kai maƙwabta a yi miki addu'a, ki riƙe Falaƙi da Nasi safe da yamma.

In ta yarda, dan Allah kar ki ɗora takardar sakamakon kanta. Cikakken sunanki na jiki, lambar rajistarki na jiki, 'yan damfara irin wannan suke nema su buɗe shafi da sunanki su riƙa roƙon mutane kuɗi. Hotonki da rigar kammalawa ya isa. Haka in takardar bautar ƙasa ta NYSC ta fito kar ki sa jihar da aka tura ki da ranar da za ki kama hanya, kin san halin da hanyoyinmu ke ciki yanzu, ki bari sai kin isa sansani lafiya kin kira Umma tukuna.