Amsoshin Tambayoyinku: Serengeti, Zanzibar da Tsarabar Tanzanite

Wata Hajiya daga Zariya ta rubuto cewa har yau ba ta manta ziyarar da ita da maigidanta suka kai gandun dajin Serengeti da tsibirin Zanzibar a ƙasar Tanzaniya ba, musamman safiyar da suka ga raƙuman dawa suna kiwo dab da motarsu, da kuma ƙamshin kanumfari a kasuwar Stone Town, tsohon garin Zanzibar. Tana son kai mahaifiyarta, amma tana fargabar wahalar hanya.

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri, kuma ki kwantar da hankalinki. Ki guji watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ruwan sama ke ɓata hanyoyin daji. Daga Yuni zuwa Oktoba ne rani, dabbobi suna taruwa a bakin ruwa. Ga mai shekaru, Ngorongoro, wani babban kwari mai cike da namun daji kusa da Serengeti, ta fi Serengeti sauƙi, domin a wuni guda za ta ga zakuna da giwaye da jakunan dawa a cikin kwarin ba tare da doguwar jijjiga a mota ba. Ki tanadi katin rigakafin cutar shawara, ki ga likita a kan maganin zazzaɓin cizon sauro, sannan ki sani cewa tun Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorar tafiya ta dala 44. Abinci da salla ba za su dame ku ba, tunda mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne.

Wani Malam daga Maraɗi yana tambayar inda zai sami ɗan guntun hauren giwa don tsaraba. Malam, an haramta cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989, kuma gidan yari ne makomar wanda aka kama da shi a filin jirgi. Ka sayi kanumfari.

Wasiƙar da ta fi damuna ita ce ta wani matashi daga Kano, wanda ya sayi dutsen adon nan "tanzanite" a hannun wani mai talla a bakin teku a kan dala 30, yana tambayar nawa zai ci riba. Ɗan'uwa, kusan tabbas kwalba ka sayo. Wannan dutse mai launin shuɗi, wanda aka gano a 1967, ba a haƙo shi ko'ina a duniya sai a yankin Mererani kusa da birnin Arusha a arewacin Tanzaniya, kuma abin da yake da wannan ƙarancin ba ya yawo a aljihun yaro a kan yashi. Abin takaici shi ne mutumin da ba zai sayi shadda a Kwari ba sai ya murza ta, ya ɗaga ta a hasken rana, ya tambayi shago uku, shi ne da zarar ya sauka a ƙasar wasu sai ya miƙa dalarsa ga wanda bai san sunansa ba. Duk mai son dutsen ya je shago mai rajista a Arusha, ya karɓi rasit da takardar shaida mai nuna nauyi da ingancinsa, kuma ya saye shi don ado kawai, domin sayar da shi a nan gida da wuya ya mayar da kuɗinsa. Kai kuma ka kai naka wurin masanin duwatsu ya duba kafin ka tallata wa kowa, kada ka cuci wani kamar yadda aka cuce ka.