Tambaya da Amsa: Da Wane Harshe Za A Rubuta Allon Shago?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da gidan abinci kusa da kasuwar Wunti, kuma zan yi sabon allo. Ɗana ya ce a Hawayi ta ƙasar Amurka harsuna uku ake gani a alluna, wai ni ma in haɗa Hausa da Turanci da buroka. Haka abin yake? Zai karɓu a nan?
Daga wata Hajiya, Bauchi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ɗanki bai yi ƙarya ba, sai dai can ɗin kowane harshe da aikin da yake yi, kuma tarihi ne ya raba musu aikin.

Hawayi tarin tsibirai ce a tsakiyar tekun Fasifik, ta zama jiha ta 50 a Amurka a 1959. A 1893 aka hamɓarar da sarauniyarsu Liliʻuokalani, a 1896 kuma doka ta mai da Turanci harshen koyarwa a makarantu. Daga nan harshen asali na mutanen Hawayi ya yi ta ja da baya har ya kusa ɓacewa. Sai a 1978 kundin tsarin mulkin jihar ya ba shi matsayin harshen hukuma tare da Turanci, a shekarun 1980 aka buɗe makarantun yara na Pūnana Leo don farfaɗo da shi. Shi ya sa yau za ki ga sunayen titunan Honolulu irin su Kalākaua da Kapiʻolani, a ƙofar banɗaki a rubuta kāne da wahine maimakon maza da mata, a shinge a rubuta kapu, wato ba shiga. A jikin kwandon shara sukan rubuta mahalo, ma'ana an gode, har wasu baƙi su ɗauka sunan shara ke nan. Amma dogon bayani, farashi da dokar hanya, kusan duk da Turanci suke. Burokarsu kuwa a gonakin rake aka haife ta, inda leburori daga Sin da Japan da Fotugal da Filifin suka cuɗanya da 'yan ƙasa. An fi ganinta a ƙananan shaguna, a bayan mota da sanarwar da aka rubuta da hannu, tana nuna mai wurin ɗan gida ne.

To, mu namu akasin haka ne. Su masu jin harshen ne suka yi ƙaranci, don haka yakan tsaya a gaisuwa da suna. Ke kuwa duk wanda ya shigo da Hausa zai tambaye ki tuwon shinkafa da miyar kuka ko masa da miyar taushe. Abin takaici ne a ce a Bauchi allo ya cika da Turanci, Hausa ta samu "barka da zuwa" kawai a can ƙasa. Hausa ce ya kamata ta ɗauki ainihin saƙon: me ake sayarwa, nawa ne, ƙarfe nawa ake buɗewa.

Ki sa sunan wurin a sama, jerin abinci da Hausa a tsakiya da manyan baƙaƙe, Turanci a ƙasa da kamar kashi biyu cikin uku na girman Hausar. Masa a bar ta masa ko da a layin Turanci, baƙo ma da sunan ya san ta. Buroka kuwa sai in masu cinikinki da ita suke magana, kamar a kusa da barikin Shadawanka ko wajen ɗaliban Yelwa, kuma layi ɗaya ya isa.

Girman rubutu shi ne inda aka fi yin asara. Ƙa'idar masu alluna ita ce inci ɗaya na tsayin harafi ga kowace ƙafa goma ta nisa. In kina son mai Keke Napep ya karanta daga tsallaken titi, ƙafa 40 ko 50, kada sunan ya gaza inci biyar. Baƙi a kan rawaya ko fari a kan shuɗi mai duhu sun fi fitowa. Ja yakan riga sauran launuka koɗewa a rana. In allon ƙarfe ne, a goge shi, a fara shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, sannan fenti mai mai shafi biyu, a bar kwana ɗaya tsakaninsu. Lokacin hunturu a yi aikin a cikin rumfa, don ƙura tana mannewa a ɗanyen fenti.

TAMBAYA: Malam, ina buga bana, wato allon talla na leda, a Gombe. Duk sanda na sa ƙ ko ɗ ko ɓ sai su fito kamar ɗan akwati, shi ya sa nake barin su k da d da b. Akwai laifi?
Daga wani mai ɗab'i, Tudun Wada, Gombe.

AMSA: Akwai laifi ƙwarai, Malam. Masaukin baƙi daban, masaukin baki daban, kuma wanda ya biya kuɗin allo bai biya don a yi masa dariya ba. Mutanen Hawayi haruffa 13 kacal gare su, ɗaya daga ciki ʻokina ce, 'yar alama mai kama da wadda muke sawa a jama'a da sana'a, kuma sun dage ana sa ta a alluna domin cikakken harafi ce.

Akwatin yana fitowa ne don samfurin haruffan da ka zaɓa ba shi da masu ƙugiya. Yawancin na ado haka suke. Ka sauko da Noto Sans ko Andika, kyauta ne, dukansu suna da ƙ, ɗ, ɓ manya da ƙanana. Ka rubuta kalmomin a waya da allon rubutun Hausa na Gboard, ka tura kwamfuta ka liƙa. Kafin ka kai wa mai injin, ka zaɓi rubutun duka a CorelDraw ka danna Ctrl da Q, ya koma zane. In ba ka yi haka ba, kwamfutarsa za ta musanya samfurin da wanda take da shi, akwatunan su dawo bayan an ɓata leda. Ka ajiye kwafi guda da ba ka mayar zane ba, saboda gyara.

Masu rubutu da buroshi su lura: ƙugiyar ƙananan ƙ, ɗ, ɓ dama take lanƙwasawa, amma ta manyan Ɓ da Ɗ a hagu take. Fulfulde ma tana amfani da ɓ da ɗ, har da ƴ da ŋ, don haka aikin Dukku ko Nafada samfuri ɗaya zai ɗauke shi.

TAMBAYA: Muna son sanarwar kwamitin tsabta a unguwarmu. Ajami yana da amfani har yanzu?
Daga sakataren wata ƙungiya, Kumo.

AMSA: Sosai ma. Dattawa da waɗanda suka tashi a makarantar allo da yawa da ajami suke karatu, kuma har yau yana jikin takardar naira 1000. Ku sa shi kusa da bokon, da girma ɗaya. Ku ba alaramma ya rubuta da hannunsa a ɗauki hoto, domin manhajar da ba ta san rubutun Larabci ba takan wargaza haruffan ta jera su daga hagu. Hannun tsangaya kuma ya bambanta da na kwamfuta: fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Kafin a kai wa mai fenti, ku buga a takarda ku ba mutum biyu da ba su san abin da ke ciki ba, su karanta da ƙarfi. Duk inda suka yi tuntuɓe, a gyara wurin.