Kun Tambaya, Mun Amsa: Ƙaramin Layin Dogo Mai Wayar Lantarki a Kan Tebur

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema. Ina son haɗa ƙaramin layin dogo irin na kan tebur ɗin nan, amma ni ba mai gawayi ko dizal nake so ba, mai wayar lantarki a sama nake so, da falwayoyinsa da komai. Wurin da nake da shi bai wuce santimita 180 a tsawo da 90 a faɗi ba. Wane girma zan ɗauka, HO ko N? Sannan wayar saman nan dole sai na sa mata wuta da gaske kafin jirgin ya motsa? Na gode. Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari mu fara da tef ɗin awo tunda shi ba ya ƙarya. HO ma'anarsa an rage jirgin gaske sau 87, tsakanin ƙarafan dogonsa milimita 16.5 ne. N kuma sau 160 aka rage (Japan suna yin 150, Ingila 148), tsakanin ƙarafan milimita 9. To a HO kwanar da taragu masu ɗan tsawo ke iya sha ba rigima tana son rabin faɗin da'ira na wajen santimita 46, kaga da'irar gabaɗaya ta haura 91 ke nan tun ba a bar gefe ba, teburinka kuma 90 ne. Akwai matsattsiyar kwana mai santimita 36 da wasu kamfanonin Jamus ke yi, zata shiga kam, amma dogon tarago a kanta sai kaga cikinsa ya leƙo waje, ba kyan gani. A N kuwa kwanonin kamfanin Kato masu rabin faɗin da'ira milimita 282 da 315 zasu baka layi biyu a jere, da'irar waje santimita 63 kawai, ga sauran fili na tasha da gidaje. Ni dai a wannan wurin naka N zan ce maka, sai in idonka ko yatsunka ba sa shiri da ƙananan abubuwa.

Maganar wuta a wayar sama, a'a, ba dole ba ne, kuma ni ban ma baka shawarar ka yi ba. Ƙananan jiragen nan daga ƙarafan dogo suke shan wutarsu, wajen bolt 12 a N. Abin da yasa mutanen da suke wahalar sa wa wayar sama wuta shi ne don su tuƙa jirgi biyu daban-daban a layi ɗaya, ɗaya ya sha daga ƙasa ɗaya daga sama. Yanzu da tsarin DCC ya zo, wato tuƙa jiragen ta saƙon dijital, kowane kan jirgi da ɗan guntun na'urarsa a ciki da lambarsa, kana iya kiran wanda kake so shi kaɗai ya tashi, to wahalar me kuma? Wayar sama ta zama ta ido kawai.

Amma fa kar jin haka yasa ka ɗauka ado ce da za a liƙa a ƙarshe, nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Wayar ita ce zata yanke maka yadda kwana zata kasance da tsayin gada da bakin rami da ma inda hannunka zai shiga. Dalili kuwa dogo yana lanƙwasa, waya ba ta lanƙwasa, daga falwaya zuwa falwaya a miƙe take sambal. A layin gaske in hanya ta miƙe ana barin wajen mita 60 tsakanin falwayoyi, wanda a N ya kama santimita 37 da ɗoriya. To ɗauki wannan 37 ɗin ka ɗora a kwanar 315, a tsakiya wayar zata kauce wa dogon da kusan santimita 6, alhali kan fantogiraf ɗin, wato hannun ƙarfen nan na saman jirgi da ke gogar waya, faɗinsa duka-duka bai fi milimita 12 ba. Sai ka matso da falwayoyin zuwa wajen santimita 12 kafin kaucewar ta sauko kusan milimita 6 wanda za a iya rabawa hagu da dama. Kaga kwana ɗaya ta cinye maka falwaya takwas ko fiye, wurin ya cushe kamar an dasa shinge. Shi yasa nake cewa ka ɓoye matsattsun kwanonin nan biyu na ƙarshen tebur a cikin dutse ko bayan dogayen gine-gine, inda ido zai gani kuma ka bar shi a miƙe ko da ɗan lanƙwasa mai faɗi.

Ko a miƙaƙƙen wurin ma in ka lura da layin gaske wayar ba a tsakiya cif take tafiya ba, wannan falwaya ta ja ta hagu kaɗan waccan ta ja ta dama, don kar ta ci rami a wuri guda a kan fantogiraf. In ka kwaikwayi wannan a naka, wanda ya san abin yana gani zai gane ka yi nazari.

Kafin ka sayi komai ka shimfiɗa babbar takarda ko kwali a kan teburin, ka zana layin da girmansa na gaske, ka soka ƙananan ƙusoshi a kan layin, a duk inda hannun falwaya zai riƙe waya, ka ɗaura zare daga wannan zuwa wannan. Duk inda zaren ya bar tsakiyar dogo da fiye da milimita 3 to akwai gyara. Ka fi sa ido a wurin sauya layi, can ne wayoyi biyu ke haɗuwa kuma can ne fantogiraf ya fi sarƙewa.

Sai tsayi. Wayar gaske tana wajen mita 5 zuwa 5 da rabi sama da dogo, a N kusan santimita 3 da rabi. In kana son wani layi ya haye ta saman wani to sai ka ɗaga shi wajen santimita 6, kuma hawan da ya wuce kashi 3 cikin 100 ƙananan injinan nan na fara santsi, lissafa ka gani, mita 2 na dogo ake buƙata don hawan kaɗai. Teburinka bai kai ba. Ka haƙura da gadar sama a wannan karon.

Wani daɗin layin lantarki da ba a cika faɗa ba shi ne jiragen fasinja masu injin a jikin taragun, masu wurin direba gaba da baya. Ba sai ka yi layin da kan jirgi zai zagayo ya koma ɗaya gefen ba, ya shigo tasha ya tsaya ya juya abinsa, ka tsira da fili mai yawa. Taragon birni na Japan mai mita 20 a N santimita 13 ne da 'yan kai, guda huɗu wajen 54, dandamalin tasha mai santimita 60 ya wadatar. In kana neman layin gaske da zaka kwaikwaya duba Enoden na Japan, tsakanin Kamakura da Fujisawa, kilomita 10 ne kacal, layi ɗaya, taragu biyu ko huɗu, yana ratsa tsakanin gidaje har da kan titin mota. Ko layin Bernina na Suwizalan mai matsattsun kwanoni da hawa har kashi 7 cikin 100. Irin waɗannan ko ka matse su a tebur ba sa zama abin dariya, saɓanin Shinkansen, jirgin Japan mai tsananin gudu, mai taragu 16 yana bin wutsiyarsa a da'ira.

TAMBAYA: Malam ni na riga na kafa falwayoyi amma ɗaura wayar ya gagare ni, hannuna rawa yake, na bar su haka ba waya ko zai zama abin kunya? Daga wata 'yar'uwa.

AMSA: Ba wani abin kunya Hajiya, haka mafi yawan masu N a Japan suke yi, kamfanonin Kato da Tomix ma falwayoyin kawai suke sayarwa ba waya. Wayar gaske kaurinta wajen milimita 12 ne, in aka rage sau 160 ta koma kamar silin gashi, daga nesa kaɗan ido ba zai gan ta ba dama. Wadda ake sayarwa ta ƙarfe, irin ta kamfanonin Sommerfeldt ko Viessmann, ta ninka haka kauri sosai don dole. Ki ɗaga fantogiraf ɗin kawai ki tabbatar ba ya bugun hannun falwaya ko bakin rami, in yana miƙewa da yawa ki ɗaure shi da siririn zaren fatsa ya tsaya daidai tsayin da kike so. Ga shi goge dogo zai zo miki da sauƙi, don mai waya sai ya dinga cusa tsumma a kan sanda ta ƙarƙashi yana addu'a kar ya tsinka wani abu.

TAMBAYA: Akwai layin lantarki da ba shi da waya a sama kwata-kwata?

AMSA: Akwai mana, masu ƙarfe na uku a gefen dogo wanda jirgi ke shan wuta daga gare shi, kamar na kudancin Ingila mai bolt 750 da yawancin jiragen ƙarƙashin ƙasa. A ƙaramin layi siririn ƙarfe ko roba zaka liƙa a gefe, ɗan sama da dogon kaɗan, ka yanke shi a wurin sauya layi da mararrabar mota, a tasha kuma ka mayar da shi ɓangaren da ke nesa da dandamali. Ka dai gwada da duk taragunka kafin gam ya bushe, wasu ƙasansu na taɓa shi.